Ping yana wucewa, manhajar kuɗi ba ta buɗewa: ina fakitin yake mutuwa tsakanin Tawa da Yamai?

Ɗan Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman agaji a kan wata matsala da ta hana ni sakat. Ni ke kula da reson wani kamfanin rarraba kaya, babban biro yana nan Yamai, reshe yana Tawa. An haɗa su da bututun GRE cikin IPsec, wato kulallen hanyar sadarwa tsakanin rautoci biyu (na'urorin da ke tura fakitin bayanai daga reso zuwa reso), Cisco 2911 a nan, MikroTik a can. Sabar da manhajar kuɗi take kanta tana nan Yamai, adireshinta 10.10.1.20, SQL Server ce a ƙofa 1433. Tun makon jiya wasu kwamfutocin Tawa suna shiga, wasu ba sa shiga. Wadda ta yi aiki jiya sai ta ƙi yau, wadda ta ƙi jiya sai ta yi. Amma dukkansu ping, wato saƙon gwada ko na'ura tana amsawa, yana zuwa yana dawowa lafiya lau. PRTG ɗinmu, manhajar sa ido a kan reso, kore shar, babu ko ɗigon ja. Masu karɓar kuɗi a can sun koma rubuta rasit da hannu, kuma ƙarshen wata ya matso. Akwai jerin izini na ACL, mai tace fakitin da zai wuce, a kan rauta wanda na tarar, ban taɓa shi ba. Ta ina zan fara?

Na Wadata:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Sa permit ip any any, wato a bar komai ya wuce, a saman jerin, mutane su yi aikinsu, daga baya ka bincika a tsanake. Kuɗin kamfani ake asara kowace awa.

Hajiya Injiniya:
Na Wadata, don Allah kada ka ba yaron nan wannan shawara. Sabar kuɗi fa ya ce. Layin nan idan ya shiga, ba ya fita. Na sha tarar da irinsa a rautoci shekaru bayan wanda ya sa shi ya bar aiki, kowa na tsoron cirewa don ba a san abin da zai tsaya ba. Kuma da zarar ka buɗe komai, ka goge alamar da za ka bi ka gano ciwon. Yanzu ne matsalar take a fili, yanzu ne ake kama ta.

Ɗan Yantala, koren PRTG ɗinka me yake aunawa? Faɗa mini irin na'urorin awon da aka kafa a ciki.

Ɗan Yantala:
Hajiya, ping ne zuwa kowace na'ura, sai SNMP na ita rautar, yana nuna nauyin layi da zafin aiki.

Hajiya Injiniya:
To ka gani. Manhajar ba ta yi maka ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. An ce ta duba ko ICMP, wato fakitin ping, yana wucewa, ta ce yana wucewa. Babu wanda ya ce ta ƙwanƙwasa ƙofa 1433 daga ɓangaren Tawa. Kafin komai, ka sa wani a reshen ya zauna a kan kwamfutar da ta ƙi, ya buɗe PowerShell ya rubuta
Test-NetConnection 10.10.1.20 -Port 1433
sannan ya yi haka a kan wadda take aiki. Ya turo maka sakamakon duka biyun tare da adireshin kowacce.

Auta:
Hajiya, ni ɗalibi ne, ku yi haƙuri da tambayata. Ba tracert ya kamata a yi ba, a ga inda hanya ta yanke?

Malam Mai Rauta:
Auta, tambayarka ta yi kyau, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata lokaci. Tracert na Windows da ICMP yake tafiya. Traceroute na Linux da na Cisco kuma UDP suke aikawa, daga ƙofa 33434 zuwa sama. Babu ɗayansu da yake kama da fakitin da manhajar kuɗi take aikawa, wato TCP zuwa 1433. Jerin izini kuwa ainihin abin da yake dubawa ke nan: daga wane adireshi, zuwa wane adireshi, wace irin yarjejeniya, wace ƙofa. In ka gwada da wani fakiti dabam, amsar wani fakiti dabam za ka samu. A Linux za ka iya cewa traceroute -T -p 1433, wannan ya fi kusa da gaskiya.

Ɗan Yantala, liƙo mana sakamakon show access-lists da na show ip interface na bakin da sabar take. Amma ka kula. Adireshin cikin gida irin na 10 ba damuwa. Adireshinku na waje, da mabuɗin IPsec, da kalmar SNMP, kada ko ɗaya ya shigo rukunin nan. Kalmar sirri mai lamba 7 a gabanta ma ka goge ta, cikin daƙiƙa ake warware ta.

Ɗan Yantala:
Na gode Malam. Ga shi, sunan jerin SABAR, an ɗaura shi a Gi0/1 ta wajen fita, wato inda fakiti ke barin rauta zuwa ɗakin sabar.
10 permit icmp any any
20 permit tcp 10.10.2.0 0.0.0.255 host 10.10.1.20 eq 1433
30 permit tcp 10.20.4.0 0.0.0.255 host 10.10.1.20 eq 1433
40 permit tcp any any established
50 permit udp any eq domain 10.10.1.0 0.0.0.255
Layi na 30 shi ne na Tawa, kuma ƙidayarsa tana hawa. Shi ya sa na ɗauka ba jerin ba ne, tunda babu deny ko ɗaya a ciki.

Malam Mai Rauta:
Akwai deny, ba a rubuta shi ba ne kawai. Kowane jerin izini na Cisco yana ƙarewa da hanin da ido ba ya gani, kuma wannan hanin ba ya ƙidaya, ba ya barin rajista. Auta, saurara nan. Ka ɗauke shi kamar jami'in da ke shinge a hanyar Ƙonni, riƙe da takarda. Mota ta iso, ya fara karantawa daga sama, layin farko da ya dace da motar shi ne hukunci, ba ya ƙara duba na ƙasa. Ya kai ƙarshen takarda bai ga layin da ya dace ba, motar ba ta wucewa, kuma bai rubuta ta a littafi ba. Shi ya sa tsarin layuka yake da nauyi, shi ya sa kuma ƙidayar layi na 30 ba ta wanke jerin ba. Ta nuna wasu sun wuce, ba ta ce komai a kan waɗanda aka mayar ba.

Ƙara wannan a ƙarshe, ba zai hana abin da ba a riga an hana ba:
ip access-list extended SABAR
90 deny ip any any log
sannan clear access-list counters SABAR, ka sa a sake gwadawa daga Tawa, ka duba show logging. In an gama ka cire kalmar log ko ka bar ta da saninka, domin fakitin da ake rubutawa ta hannun babban ƙwaƙwalwar rauta yake bi, kuma 2911 ba yarinya ba ce. Debug ip packet kuwa kada ka kusance shi a kan rautar da ke ɗauke da aikin kamfani, sai in ka san yadda ake taƙaita shi.

Hajiya Injiniya:
Abin da Malam ya ce daidai ne, amma ni da NetFlow zan fara, kuma ina so matasan rukunin nan su san dalili. Rajistar log tana nuna fakitin farko, sannan ta tattara sauran ta ba da jimla bayan minti 5, kuma sai ka riga ka zargi jerin kafin ka je ka sa ta. NetFlow bai damu da abin da kake zargi ba. Yana rubuta kowace hira da ta ratsa rauta: wa ya kira wa, ta wace ƙofa, fakiti nawa, ta ina ya shigo, ta ina ya fita. A 2911 layi ɗaya ne, ip flow ingress a kan Tunnel0, wato bakin bututun, sai show ip cache flow. Duba gurbin bakin fita. Hirar da ta wuce za ka ga Gi0/1, wadda aka jefar za ka ga Null. Ba jerin izini kaɗai ke jawo Null ba, amma in ka ga TCP zuwa 1433 daga wasu adireshi yana fita, daga wasu yana Null, ai ka kama bakin zaren. Ƙofar a can da lissafin heksa ake rubuta ta, 1433 zai fito 0599, kada ya rikita ka.

Abin nan ba sabo ba ne, tun 1996 Cisco ta fito da shi, nau'i na 9 an bayyana shi a RFC 3954, IPFIX kuma ya zama mizanin kowa. MikroTik ma yana fitarwa, suna ce masa Traffic Flow. Duk da haka biro nawa a Yamai ke tara shi? Ana sayen rauta mai tsada, ana barin idonta a rufe.

Ɗan Ader:
Salamu alaikum, yanzu ni shigo. Ni nan Tawa nike, MikroTik nike ci da shi. Ɗan Yantala, mi anka canza ga rautar reshen makon jiya? Ciwon da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, yau wagga gobe waccan, ni DHCP, mai raba ma na'urori adireshi, nike hwara tuhuma. Shiga Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, ka je IP, DHCP Server, Leases, ka duba adireshin da anka rarraba. Ka duba kuma IP, Pool.

Kuma ku kiyaye, katangar MikroTik ba ta aiki awa ta Cisco. Can in jeri ya ƙare hani ne, nan in babu dokar da ta dace fakiti wucewa shikai. Na ga waɗanda sunka koyi Cisco sunka zo nan sunka rubuta izini biyar, sunka tahi suna zaton sun kulle gida, alhali komi a buɗe shike.

Ɗan Yantala:
Allahu akbar. Ga abin da ya fito. Kwamfutar da ke aiki 10.20.4.61 ce, wadda ta ƙi 10.20.5.37. A rajista:
%SEC-6-IPACCESSLOGP: list SABAR denied tcp 10.20.5.37(51544) -> 10.10.1.20(1433), 1 packet
A show ip cache flow ma duk masu 10.20.5 Null suke. Na shiga Winbox kamar yadda Ɗan Ader ya ce, na tarar an faɗaɗa reson reshen daga /24 zuwa /23 saboda adireshi sun ƙare musu. Yanzu rabon yana kamawa daga 10.20.4.10 har 10.20.5.250, kuma wa'adin haya gajere ne. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka sake kunna komai, kowa sabon adireshi yake samu.

Auta:
To me ya sa ping bai tsaya ba ga masu 10.20.5?

Malam Mai Rauta:
Layi na 10 ya ce ICMP daga ko'ina zuwa ko'ina. Kuma dawowar ping ɗin ta amsa wata tambaya tun ba a yi ta ba: hanyar komawa 10.20.5 tana nan cikin teburin rauta, bututun ma lafiyarsa ƙalau. Saura jerin kaɗai. Dubi layi na 30. Lambar nan 0.0.0.255 juyayyen mas ce, sifili yana nufin sai ya dace, ɗaya yana nufin ban damu ba. Ita ta 255 adireshi 256 take rufewa, daga 4.0 zuwa 4.255. Mai /23 yana buƙatar 0.0.1.255, adireshi 512. Hanya mai sauƙi: ɗebe mas ɗin reso daga 255.255.255.255. Na /23 shi ne 255.255.254.0, abin da ya rage 0.0.1.255.

Gyaran:
ip access-list extended SABAR
25 permit tcp 10.20.4.0 0.0.1.255 host 10.10.1.20 eq 1433
ka gwada, in ƙidayar 25 ta fara hawa ka ce no 30. Sabo ya shiga kafin tsoho ya fita. Kuma alhamdu lillahi jerinka mai suna ne. A tsohon salon lamba, wanda ya rubuta no access-list 110 da nufin cire layi ɗaya, jerin gaba ɗaya yake tafiya.

Na Wadata:
To ai ga shi, abin da na ce tun farko. Da an buɗe tun safe da mutane sun yi aiki, da yamma a sa layi na 25.

Hajiya Injiniya:
Dakata Malam, dakata Na Wadata. Ɗan Yantala, kada ka sa layin nan tukuna. Reshe mai ma'aikata nawa ne ya cinye adireshi 250 har aka nemi ƙari?

Ɗan Yantala:
Ba su kai 30 ba Hajiya. Kwamfutocin da ke buƙatar manhajar kuɗi 6 ne.

Hajiya Injiniya:
To su wa ke riƙe da sauran? Koma cikin jerin hayar nan ka karanta sunayen na'urorin.

Ɗan Yantala:
Wayoyi ne. Tecno, Infinix, itel, Samsung, ba iyaka. Ashe an sa wifi a farfajiya don direbobi da ƴan dako da abokan ciniki masu jiran lodi, kuma an jona shi kan reso ɗaya da na biro.

Hajiya Injiniya:
Abin da nake tsoro ke nan. Layi na 25 zai ba wayar duk wanda ya san kalmar wifi ɗin damar isa ƙofar ma'ajiyar kuɗin kamfani. Kuma ko yanzu, duk wayar da ta dace da adireshi mai 10.20.4 tana da wannan dama ta layi na 30, tun ranar da aka jona wifi ɗin. Jerin da ya hana masu kuɗi aiki shi ne ya tona mana wannan. Na Wadata, da an buɗe tun safe, da rasit ya fita, da kowa ya yi godiya, da ba wanda ya leƙa jerin hayar. Ƙofa 1433 tana cikin waɗanda miyagun manhajoji suka fi nema. Tsutsar Slammer ta Janairun 2003 ta SQL Server ta shiga, ta UDP 1434, kuma cikin mintuna ta game duniya. Ba na cewa wayar direba za ta yi haka gobe, amma ba mu san abin da ke cikin wayoyi ɗari biyu ba.

Malam Mai Rauta:
Hajiya ta fi ni gani a nan. Lissafin mas ɗin daidai ne, amma kada a sa layi na 25.

Ɗan Ader:
Maganin yau ba shi buƙatar taɓa Cisco ko kaɗan. Cikin Leases, zaɓi kwamfutocin nan 6, danna Make Static, ka ba su adireshi daga 10.20.4.17 zuwa 10.20.4.22. Ka hidda 4.16 zuwa 4.31 daga rabon jama'a don kada a ba wani, in wata waya tana riƙe da ɗaya ka goge hayarta. A kashe kwamfutocin a kunna, ko a ce ipconfig /renew. Da haka layi na 30 ya ishe su yau ɗin ga. Bayan nan a matse shi ya koma 10.20.4.16 0.0.0.15, adireshi 16 kawai. Amma wanga rabin magani na, don mai wayo shina iya sa ma na'urarshi 4.25 da hannu. Cikakken gyara shi ne a ware wifi na farfajiya ga VLAN nashi, wato ɓangaren reso nashi shi kaɗai, da adireshinshi dabam, a hana shi shiga bututun kwata-kwata, intanet kawai shi samu.

In za ka yi daga Yamai, danna Safe Mode kahin ka taɓa komi. Ka yanke ma kanka hanya, rautar da kanta za ta maida abin da ka canza. Tsakaninmu ya hi kilomita 500, ba tahiyar da za ka so yi ba ce don layi guda. In ta kama a je da ƙahwa, ka yi mini magana ta gehe, ni leƙa musu bayan la'asar.

Malam Mai Rauta:
A ɓangaren Cisco takwaransa shi ne reload in 10 kafin ka fara, in komai ya yi daidai reload cancel, sannan ka adana. Kada ka adana kafin ka tabbatar, in ba haka ba rautar za ta tashi da kuskuren.

Auta:
Malam, a Packet Tracer mun yi wani darasi da na'urar sarrafa reso, ka sa adireshin farko da na ƙarshe, ta zana maka hanyar gaba ɗaya. An ce ta gaske har tana nuna jerin da ya hana. Da ana da ita ai da duk wannan wahala ba ta taso ba.

Malam Mai Rauta:
Akwai ta. Path Trace ake ce mata, ta fara a APIC-EM, ta koma DNA Center wanda a 2023 aka sauya wa suna zuwa Catalyst Center. Kana ba ta adireshi biyu, in ka so da yarjejeniya da ƙofofi, ta jera na'urorin hanya, ta nuna a kowane baki ko jerin izini ya bari ko ya hana. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ka tambayi kanka daga ina take samun labari. Daga tsarin da ta kwaso a na'urorin da ta sani. MikroTik na Tawa ba ɗan gidanta ba ne, tsofaffin na'urori da yawa ma ba sa cikin waɗanda take karɓa, ga kuɗin lasisi da babbar sabar da take nema. Kuma in ba ka ba ta ƙofa ba, amsar da za ta bayar ba cikakkiya ba ce. Wanda bai san fakitinsa TCP 1433 ba ne, bai san a wane adireshi kwamfutar take yau ba, zane ba zai cece shi ba. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su iya karanta show access-lists da idonsu. Ƙidaya ita ce shaidar gani da ido.

Hajiya Injiniya:
Malam, ranka ya daɗe, a nan ban bi ka duka ba. Ƙidayar ma tana da ranar da take yin shiru. A suwic irin su Catalyst 3560 da 3750, jerin izini a cikin guntun na'ura ake zartar da shi, kuma show access-lists ba ya ƙirga yawancin abin da ya bi ta can. Mutum zai ga sifili ya rantse layin bai taɓa aiki ba. A MikroTik ma haɗin da FastTrack ya ɗauke yana tsallake dokokin tacewa, ƙidayarsu ba ta nuna nauyin gaske. Sannan kai kana da shekaru a hannu, rauta ɗaya jeri ɗaya ka karanta cikin minti biyu. Mai rautoci 40 da jeri mai layi ɗari uku fa? Kuma umarni yana nuna maka yanzu ne kawai. Tambayar da ta fi ci mini rai a aiki ita ce "tun yaushe?", kuma ba ta da amsa sai a wurin wanda ya tara tarihi. Da Ɗan Yantala yana tara NetFlow, da ya koma ranar da 10.20.5 ya fara bayyana, ya ga kuma ko wata waya ta taɓa ƙwanƙwasa 1433 a makon nan. Yanzu wannan sai dai ya nema a rajistar ita sabar, in an kunna ta.

Ba sai an sayi mai tsada ba. Tsohuwar kwamfuta da Linux, a sa nfdump ya karɓi kwararar NetFlow a UDP 2055, a sa LibreNMS ko Zabbix don SNMP, a tura syslog na duk na'urori wuri ɗaya ta UDP 514. A ƙara Oxidized ya riƙa kwasar tsarin rautoci, ya nuna layin da ya canza da ranar da ya canza. Yana jin Cisco yana jin RouterOS. Da yana nan, da faɗaɗawar /23 ta fito tun daren da aka yi ta. PRTG ɗin da ke hannunsa ma na kyauta yana ba da na'urorin awo 100, a ciki akwai mai ƙwanƙwasa ƙofa da mai karɓar NetFlow, sai dai a kafa ɗan aikensa a wata kwamfutar Tawa don awon ya taso daga inda masu aiki suke.

Malam Mai Rauta:
Maganar 3750 gaskiya ce. Ni abin da nake gudu shi ne yaro ya zauna gaban allo mai launi ya ɗauka ya san resonsa. Yau ma kore ne ya sa aka yi mako ana neman ciwo a wani wuri. A tara tarihin, na yarda, amma wanda zai karanta shi sai ya san abin da ke ƙarƙashi.

Ɗan Ader:
Ku ƙara da wanga: inda shakka ta yi yawa, a kama fakitin da kanshi. Torch na MikroTik shina nuna abin da ke wucewa nan take, Wireshark ga kwamfutar da ta ƙi shina nuna SYN, fakitin neman buɗe haɗi, na hita ana maimaita shi babu amsa. In sabar ce ta ƙi, RST, fakitin ƙin haɗi, za ka gani ya dawo. In jeri ne, ko dai shiru, ko ICMP nau'i 3 lamba 13, sai in an sa no ip unreachables.

Na Wadata:
Na ji, na kuma karɓi maganar wayoyin. Amma ku ma ku yarda akwai ranar da maigida ke tsaye a kanka, motoci sun yi layi, ba ka da awa biyu na bincike. In dole ta sa a buɗe, me za a yi?

Hajiya Injiniya:
A buɗe ƙarami. Adireshin kwamfuta ɗaya zuwa sabar ɗaya a ƙofa ɗaya, da remark a samansa mai ɗauke da kwanan wata da dalili. Rubuta shi bai fi rubuta any any daɗewa ba. Binciken yau ma bai kai awa biyu ba daga lokacin da aka tambayi adireshin kwamfutocin.

Wani abu kuma ga duk wanda zai fara tara kwarara: za ka ga inda kowane ma'aikaci yake shiga da lokacin da yake shiga. Amana ce. Ƙasar nan ta Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP. A sanar da ma'aikata ana tarawa, a taƙaita masu gani, a sa wa'adin gogewa. Ba kayan hira a fada ba ne.

Ɗan Yantala:
Alhamdu lillahi, kwamfutoci 6 sun samu tsayayyen adireshi, duk sun shiga, an fara mayar da rasit ɗin hannu cikin manhaja. Na matse layi na 30 zuwa 0.0.0.15. Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Amma layi na 90 ya fito da wani abu: yana ta hana UDP daga ƙofa 123 zuwa 10.10.1.2, wato suwic ɗin 2960 na ɗakin sabar. Na duba rajistar suwic ɗin, kwanan watan Maris 1993 ne, da tauraro a gaba.

Malam Mai Rauta:
NTP ne, yarjejeniyar daidaita agogo. Suwic ɗin yana tambayar lokaci a waje, amsar tana dawowa ta tarar da jerin. Layi na 40 da established TCP kaɗai ya sani, alamar ACK ko RST yake dubawa, UDP ba shi da su. Shi 2960 ba ya riƙe agogo in wuta ta yanke, 1 ga Maris 1993 yake komawa, tauraron kuma yana cewa kada a dogara da wannan lokaci. Da irin ɗauke wutar da ake yi lokacin zafi, rajistarsa ba za ta haɗu da ta kowa ba ranar da kake son jera abin da ya faru.

Ba sai ka buɗe sabon layi ba. Bar 2911 ta karɓi lokaci daga waje, a suwic ɗin ka ce ntp server 10.10.1.1, in shi ne adireshin Gi0/1. Jerin fita ba ya tace fakitin da rauta ta haifa da kanta, don haka amsar za ta isa. Sa clock timezone WAT 1 a duka biyun, a MikroTik ka zaɓi Africa/Niamey. Duba ita sabar ma daga ina take ɗaukar lokaci, ina zaton layin nan ya hana ta ita ma.

Ɗan Ader:
Ɗan Yantala, VLAN na farfajiya hwa kada shi kwana biyu. Turo mini samfurin na'urar wifi ɗin ta gehe, in gani ko tana ɗaukar VLAN ko sai an ja mata waya dabam zuwa bakin MikroTik da ba kowa. Asabar bayan an tashi aiki ta hi, don za a yanke reso na ɗan lokaci.

Ɗan Yantala:
Na turo maka yanzu Yaya. Asabar ɗin ta yi, zan sanar da shugaban reshen gobe da safe. Hajiya, akwai tsohuwar kwamfuta a sito mai faifan giga 500, zan sa mata Debian. Ki taimaka mini da layukan ip flow-export na nau'i 9, da yadda kike saita nfcapd na nfdump ya goge abin da ya wuce wata uku.